Abin Da Aka Cire Wa Barewa

Ka ji shi. Kada ka ce mini ba ka ji ba. Akwai wani tsoho a gidanku, ko a gidan da ke jikin katangarku, wanda yake maimaita magana ɗaya kullum, kai kuwa sai ka ƙara wa rediyo murya ka ce tsufa ne. Ka kawar da kai, ka raɗa wa kawar da kan naka suna haƙuri. To zauna. Yau sai ka ji labarin wani gida da suka yi irin naka.

A gidan su Auta, gari da tarin mota yake wayewa.

Kir-kir-kir-kir... shiru. Kir-kir-kir... shiru.

Ƙarar tana fitowa ne daga garejin da ke bayan gida, ta ratsa bango, ta bi dogon baranda, ta shigo falo kamar numfashin mai jinya. Yaya ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyo murya, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Na kira shi," in ji Auta.

"Wa?"

"Injiniya. Yau zai zo ya duba motar Baba."

Yaya ya dire kofin shayinsa har ya fantsalo. "Da izinin wa?"

"Da izinin kunnena, Yaya! Fiye da shekara ke nan Baba yana murɗa makulli kowace safiya, muna zaune muna jin sa kamar ba ubanmu ba..."

"Na gaya miki na kawo wanda ya duba ta. Injin ya mutu."

"Ranar da ba na nan ka kawo shi."

"Au, ƙarya nake ke nan?"

"Ban ce ba."

"To ki ji da kyau, Auta. Wannan saurayin naki mai baƙin farce, maganarku a hannuna take. Kada ki ja masa."

Gaskiya ya faɗa. Tun da Mama ta rasu tunanin Baba ya fara yoyo, Yaya ne ya zama mai gidan. Shi ke riƙe da makullin ƙofar waje, shi ke cewa e ko a'a. Injiniya ya aiko manyansa neman aurenta tun tuni, amsar Yaya ɗaya ce: ana dubawa.

Injiniya ba injiniya ba ne. Bakanike ne mai ɗan garejinsa na gyaran tsofaffin motoci, ita ta laƙaba masa sunan don tsokana, ya bi shi. Da hantsi ya iso da akwatin kayan aikinsa, ya sa riga fara sol.

"Farar riga za ka sa ka shiga ƙarƙashin mota?"

"Gidan surukai na zo, Autar Baba. Motar ce ta biyo baya."

"Ba a ba ka ba tukuna."

"Zuciyata ta riga ta tare. Gangar jikin ce kawai ke jiran izini."

Ta yi murmushi, amma murmushin bai kai ƙofar gareji ba.

Ciki duhu-duhu ne ko da rana, taga ɗaya ce 'yar ƙarama can sama. Warin fetur ya cika wurin har yana yaji a ido. A tsakiya Barewa take, haka Baba ke kiran ta: tsohuwar motar tsere, ja, mai kujera biyu, doguwar hanci, ƙasa-ƙasa kamar dabbar da ta durƙusa tana shirin zabura. Tun yana saurayi ya saye ta. Da hannunsa ya sha kwance ta ya ɗaura. Babu ƙura ko ɗigo a jikinta, kuma kullum da yamma sai ya jona batirinta a caji, wannan kam bai taɓa mantawa ba.

Baba yana tsaye cikin kayan fita, takalmi a goge. Bai ga shigowarsu ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, ya tsaya yana jira, kansa a ɗan sunkuye.

"A hankali," ya ce wa iska. "Tattara rigarki, kada ƙofa ta kama."

Ya jira. Sannan ya rufe ƙofar cikin lallami.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Kullum take gani, kullum sai ta tashi. Fatar kujerar nan ta lotsa a tsakiya kamar yanzu wani ya zauna, kuma duk warin fetur ɗin nan, wani lokaci sai ta rantse ta ji ƙanshin turaren Mama.

"Baba, ga baƙo. Zai duba Barewa."

Baba ya juyo ya ƙare wa Injiniya kallo. Ya kamo hannunsa, ya juya tafin, ya duba faratan.

"Kai ɗan sana'a ne."

"Ina dai koyo, Baba."

Baba ya matso kusa da kunnensa, ya rage murya. "An cire mata abu."

"Wane abu, Baba?"

"Abin nan..." Yatsansa ya shiga zagaye a iska. "Abin nan mai... mai..." Kalmar ta gudu ta bar shi. "Akwai hannu a gidan nan. Ni na sani."

"Ya fara," Auta ta raɗa wa Injiniya. "Haka yake cewa kullum. Kada ka damu."

Injiniya ya ajiye akwatinsa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗaga bonet.

"Mota in tana kik ba ta tashi, Baba, abu uku take nema. Mai..."

"Iska, wuta," Baba ya ƙarasa, muryarsa garau, irin wadda Auta ta daɗe ba ta ji ba.

"Ashe makarantarmu ɗaya. Shiga ka murɗa mini, Baba."

Kir-kir-kir-kir...

"Batir lafiya, kik lafiya." Ya zagaya baya ya durƙusa ya sansana salansa, ya yamutsa fuska. Ya dawo ya kwance fulogi ɗaya, ya ɗaga shi saitin 'yar tagar. Baƙi ƙirin, sharkaf. "Kin gani? Mai yana zuwa, har ya yi mata yawa. Sha take ba ta ƙonawa." Ya buɗe matatar iska, tas take. "Saura wuta."

Ya mayar wa fulogin wayarsa, ya jingina shi a jikin ƙarfen injin. "Murɗa, Baba."

Kir-kir-kir... Auta ta zuba wa bakin fulogin ido. Babu ko ƙyas.

"Buɗe ƙofar nan duka tukuna, iska ta shigo," ya ce mata. "Da wannan warin, ba a wasa da tartsatsi." Sai da wurin ya sha iska sannan ya zare wata waya mai kauri da ta fito daga kwayil, gidan wutar motar, ya riƙe ta da filaya dab da ƙarfe. "Sake, Baba."

Tas! Tas! Tas! Shuɗiyar wuta ta yi ta tsalle a cikin duhun.

"To fa," ya ce a hankali. "Wuta tana fitowa daga gidanta, amma ba ta isa wurin fulogi. A hanya take ɓata. Hanyar kuwa ɗaya ce."

Ya kai hannu kan wani baƙin murfi da wayoyi suka fito masa ta ka. Distiribita, in ji shi, mai raba wa fulogai wuta. Ya ɓalle maƙalai biyu, ya ɗaga.

Ya daɗe yana kallon ciki.

Auta ta leƙa. Wani guntun ƙarfe ne tsirara a tsakiya, ba komai a kansa. Ta san wannan wurin. A farkon lamarin, lokacin da yatsun Baba ke da ƙarfin ɓalle maƙalan, ya sha jawo ta ya nuna mata nan yana cewa duba, duba! Ita ba ta san me ya kamata ya zauna a wurin ba. Yaya ya ce haka motar take tun asali.

"Zo waje," in ji Injiniya.

A baranda ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Rota babu."

"Mene ne rota?"

"Ɗan abu ne, bai kai babban yatsa biyu ba. Shi ke juyawa yana miƙa wa kowane fulogi wutarsa." Yatsansa ya zagaya a iska, daidai yadda na Baba ya yi.

"Ko... ko faɗuwa ya yi?"

"A cikin rufaffen murfi? Masoyiyata, rota ba ya da ƙafa. Cire shi aka yi."

"Ni na cire."

Yaya ne. Yana tsaye a ƙarshen barandar, ba su ji zuwansa ba.

"Yaya!"

"Rage murya! Ke kina makaranta ranar, ba ki ga abin da na gani ba. Baba ya fita da motar nan da safe, wai zai ɗauko Mama daga asibiti, matar da muka binne da hannunmu! Wuni na yi ina neman sa. A bakin titin jirgin ƙasa na same shi, mota a kan layin dogo, yana zaune yana jira ta fito. Jirgi na tafe, Auta! Da hannuna na tura motar nan! Me kike so in yi? In bar shi ya kashe kansa? Ya kashe ɗan wani?"

"Sai ka gaya masa!"

"In kalli ubana in ce masa ka tashi daga mutum? Ke za ki iya?"

Auta ta kawar da kai.

Yaya ya juya ga Injiniya. "Kai. Ka shiga ka ce masa injin ya mutu, babu gyara. Kai ɗan sana'a ne, zai yarda da kai, ya haƙura, mu huta. Ka yi haka, gobe ka turo manyanka, na ba ka ita. Ka buɗe baki ka faɗi wani abu daban, ƙafarka ta bar gidan nan har abada."

Ya wuce su ya tsaya a bakin gareji.

"Autar Baba..." Injiniya ya fara.

"Kalma ɗaya ce," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kalma ɗaya, hasken idona. Mun gaji da jira. Kuma ka ji dalilinsa, ba mugunta ba ce..."

"Na ji. Ni ma ba zan ba Baba sitiyari ba. Amma tsohon nan gaskiya yake faɗa, fiye da shekara, ana ce masa mafarki ne."

"Don Allah! In kana so na..."

Ya kalle ta har sai da ta sunkuyar da kai.

"Ina son ki fiye da sana'ata," ya ce. "To. Mu je."

Baba ya fito daga motar. Yana tsaye a gaban bonet, hannayensa biyu a kan ƙarfe, yana kallon guntun ƙarfen nan tsirara. Hasken tagar ya faɗo a rabin fuskarsa. Da ya ji takunsu ya ɗago, idanunsa kamar na yaron da ke jiran a duba masa aikinsa.

"Yaro, ka gani ko? Ka ga abin da nake gani?"

Injiniya ya kawar da ido. "Baba... motar nan... injin ɗinta..."

Hasken idon Baba ya fara dushewa. A hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

"Kai ma?" ya ce. Babu faɗa a muryar. Ya kalli hannayensa. "To shi ke nan. Ni ne. Kaina ne. Har kai ɗan sana'a ba ka gani ba, to ramin da nake gani a wurin babu shi. Ni ne na lalace..." Ya juya wajen kujerar da ba kowa. "Kin ji ko? Sun yi gaskiya. Ni ne."

Auta ta tako gabansa.

"Ya gani, Baba!"

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ya gani! Ni ma na gani! Rota ne, Baba, rota aka cire! Gaskiyarka ce tun ranar farko!"

"Rota," in ji Baba. Ya sake faɗa, yana ɗanɗana kalmar kamar wanda ya tsinci ɗansa da ya ɓata. "Rota. Rota!" Sai ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Kin kashe aurenki da bakinki," in ji Yaya. "Kai kuma ɗauki akwatinka!"

Injiniya ya sunkuya ya fara tattara sifanu. Auta ta rufe fuska da tafukanta.

"Ajiye," in ji Baba.

Kowa ya tsaya cak.

Baba ya dubi Yaya. "Babba, zo nan. Kai ka cire?"

Yaya ya tako kamar ana jan sa. Ya zube a gwiwa. "Baba, layin dogo... ba ka tuna ba... jirgi ya kusa..."

"Ban tuna ba." Baba ya dube shi. "Amma in ka ce an yi, an yi. Ni ban taɓa ce maka maƙaryaci ba." Ya dafa kan Yaya. "Da ka zo ka ce, Baba, kanka ya fara gajiya, ba ni makulli, da na yi fushi kwana biyu na ba ka. Mota ce. Na yafe maka mota. Amma ka sa na daina yarda da idona, ɗana. Kullum in kwanta ina tambayar kaina, in wannan ramin babu shi, to me kuma babu? Ku ma kuna nan, ko ku ma ni na ƙirƙiro ku?"

Yaya ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne Mama.

"Tashi ka ɗauko."

Ya tashi ya fita. Ya dawo da ɗan abu baƙi naɗe a hankici.

Ba nan take aka tayar da Barewa ba. Injiniya ya zaro sandan gwada mai ya sansana, ya ce duk man injin ya zama fetur, sai an juye an zuba sabo. Ya kwance fulogai ya wanke ya shanya. Baba yana kansa yana gyara masa riƙon sifana, yana ce masa ragon bakanike, shi kuma yana cewa na gode, Oga. Farar rigar nan ta koma abin tausayi.

Da la'asar, Baba da kansa ya ɗora rota a kan guntun ƙarfen nan. Ƙas! Ya zauna daram. Ya ciro makulli daga aljihu, ya juya shi a tafinsa, ya kalli Yaya, ya kalli Auta. Sai ya miƙa wa Injiniya.

"Ni na gama tuƙi. Riƙe."

Kir-kir... kir... Barewa ta yi tari. Ta yi atishawa. Sannan ta yi wani ruri da ya girgiza kwanon rufi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofa, kayan aiki suka hau rawa a kan kanta. Baba ya ɗora tafinsa a jikinta ya lumshe ido.

Da aka kashe ta, shirun da ya biyo baya wani iri ne, mai sauƙi.

Baba ya juya ga Yaya. "Babba, na ji kana cewa na ba ka ita, na hana ka ita. Wace ce ita?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Auta, Baba."

"Tun yaushe kake bayar da 'yata ina numfashi?" Ya juya ga Injiniya. "Ka so ka yi mini ƙarya ɗazu."

"Na so, Baba."

"Ba ka iya ba. Bakinka rawa yake kamar tsohon fanbel. Bakaniken da bai iya ƙarya ba zai mutu talaka, amma matarsa za ta yi barci. Na ba ka."

Kada ka ɗauka Baba ya warke. Bai warke ba. Washegari suka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, abin da ya kamata a yi tun tuni, likita ya ce ciwo ne mai suna, ba ya komawa baya, amma da an zo da wuri da an rage masa gudu.

Ranar ɗaurin auren, bayan jama'a sun watse, Auta ta shiga ɗakinsa cikin kwalliyarta ta durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Yarinya, 'yar wane gida ce ke?"

Ta cije leɓe. "'Yar gidan nan ce, Baba."

"Ikon Allah. Wa ya aure ki?"

"Wani bakanike."

"Mutumin kirki ne?"

"Kai ka zaɓa mini shi."

"Ni?" Ya yi 'yar dariya, ya gyara zama. "To in ni na zaɓa, ki kwantar da hankalinki. Ina da ido."

"Kana da shi, Baba," ta ce, ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. "Wallahi kana da shi."

Yanzu kai. Ajiye abin da ke hannunka, ka tashi ka shiga ɗakin tsohon nan naku. Ka zauna a ƙasa, ka ce ya sake faɗa maka abin da yake ta faɗa, ka saurara har ƙarshe, sannan ka je ka duba da idonka kafin ka ce ruɗu ne. In akwai abin da dole ka karɓe daga hannunsa, ka kalli idonsa ka roƙe shi, kada ka sace. Kuma ka kai shi wurin likita a makon nan, tun yana iya gane wanda ya kawo shi.